FIYANON KIƊAN WAƘA: Wanne ya kamata sabon makaɗi ya saya?

Duk wanda ya yi wayo a ƙarshen shekarun 1990 ba zai manta da yadda waƙar fim ɗin Sangaya ta karaɗe gari ba. A 1999 kamfanin Sarauniya ya fito da fim ɗin, Ali Nuhu da Fati Mohammed suka ja shi, amma tun kafin kaset ɗin ya shigo kasuwa waƙar ta riga shi shiga gidaje ta hanyar talla. Gidan biki ita ce, teburin mai shayi ita ce, ɗan acaɓa ma yana tafe yana rera ta. Abin da da yawa daga cikin masoyan waƙar ba su sani ba a lokacin shi ne, sarewar nan da gangunan da suke ji babu wanda ya busa, babu wanda ya rataya ganga a kafaɗa. Mutum ɗaya ne ya zauna gaban wani dogon akwati mai haƙora 61, farare da baƙaƙe, ya fitar da su duka.

Akwatin nan shi ne 'yan industiri suke kira fiyano. Kamar yadda Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya rubuta a bincikensa kan finafinan Hausa, situdiyon Iyan-Tama da ke Kano ya sayi Yamaha PSR-220 a 1996, daga baya kuma aka samu PSR-730, wanda da shi aka kaɗa Sangaya. Tun daga nan zance ya canza. Furodusa ya koma sai ya fara zuwa situdiyo kafin ya tafi lokeshin, domin 'yan kasuwar kaset waƙa suke fara tambaya kafin su tambayi labari. Mawaƙa irin su Rabi Mustapha, Misbahu M. Ahmad, Mudassir Ƙasim da Sadi Sidi Sharifai duk a kan kiɗan fiyano muryoyinsu suka shiga duniya, haka waɗanda suka biyo bayansu, su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef.

Yau kasuwar kaset da ta sidi ta mutu, fim ya koma YouTube da tashoshin talabijin irin su Arewa24, kuma finafinai masu dogon zango ba su cika damuwa da rawa da waƙa ba. Amma makaɗi bai rasa abin yi ba. Ga waƙar amarya da ango, ga ta siyasa, ga masu bege, ga yaran da ke son su saki waƙa a TikTok ko Audiomack ko Allah zai sa su dace. Shi ya sa har gobe akwai matasan da burinsu kawai su mallaki fiyano su buɗe ɗan situdiyo a unguwa. Wani adashi yake zubawa, wani babur ɗinsa zai sayar, wani kuma ɗan abin da ya samu na gado ne zai zuba a ciki. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, manyan fiyano sababbi sai a yi maganar miliyoyi. Wanda ya yi kuskuren saye ba lallai ya sake samun wata damar ba.

Ba kowane fiyano ne fiyano ba

Kuskuren farko da sabon shiga yake yi shi ne ɗaukar duk abu mai haƙora farare da baƙaƙe a matsayin abu ɗaya. Akwai wanda aka yi don koyon yara. Akwai wanda aka yi don mai kiɗan fiyano zalla, mai haƙora 88 masu nauyi, wanda ba ruwansa da ganga. Akwai kuma wanda ko sauti ba ya fitarwa sai an jona shi da kwamfuta. Wanda ake magana a kansa a nan shi ne wanda masu ƙera shi suke kira “arranger”, wato mai tsara kiɗa.

Yadda yake aiki kuwa abin sha'awa ne. An raba haƙoran gida biyu. Idan makaɗi ya danna haƙora biyu ko uku a ɓangaren hagu, injin zai gane kod ɗin da ake nufi, sai ya saki ganga da bes da jita da sauran kayan rakiya su bi wannan kod ɗin da kansu. Hannun dama kuma shi ke rera karin waƙar. Wannan rakiyar ita ake kira sitayil. A manyan Yamaha kowane sitayil yana da layuka 8 na kayan kiɗa, biyu daga ciki na ganguna ne, sannan yana da mabuɗi, da salon tafiya huɗu daga A zuwa D, da ɗan juyin ganga da ake sakawa tsakanin baiti da amshi, da kuma marufi. Wato mutum ɗaya ya zama ƙungiyar makaɗa.

To, amma ga inda gizo yake saƙa. Sitayil ɗin da suke zuwa daga kamfani na Turawa ne da 'yan Latin Amurka: su rok, su jaz, su samba, su wals. Ba da su ake yin waƙar Hausa ba. Makaɗin Kano ko Kaduna ko Jos da kansa yake gina kiɗansa tun daga tushe. Mawaƙi zai zo da baitocinsa da karinsa a baki, ya rera, makaɗi ya lalubo masa ki ɗin da ya dace da muryarsa da saurin da waƙar take so, sannan ya fara ɗora kaya ɗaya bayan ɗaya: ganga tukuna, sai bes, sai sarewa, sai goge, har kiɗa ya cika. Saboda haka yawan sitayil ɗin da mai shago zai yi ta kurantawa, wai wannan yana da ɗari huɗu wancan yana da ɗari biyar, ba shi ne abin dubawa ba. Tambayar ita ce, shin fiyanon yana barin mutum ya gina nasa sitayil ɗin? A Yamaha sunan wurin Style Creator. Idan babu shi, an sayi rigar aro.

Maganar gyara, wadda ita ce uwa uba

Kusan kowane fiyano yanzu an rubuta a kwalinsa cewa yana rikodin. Gaskiya ne, amma rikodin iri biyu ne, kuma bambancinsu shi ne bambancin wanda zai ci abinci da fiyanonsa da wanda zai ajiye shi a ƙarƙashin gado.

Na farko shi ne ɗaukar sauti kamar yadda rakoda take yi. Abin da aka kaɗa shi za a ji, an gama. Idan sarewa ta yi kuskure a minti na huɗu, sai dai a sake tun daga farko. Na biyu shi ne wanda ake kira MIDI. Shi wannan ba sauti yake ɗauka ba, umarni yake rubutawa: an danna haƙori kaza, a lokaci kaza, da ƙarfi kaza, an sake shi a lokaci kaza. Shi ya sa fayil ɗinsa ba shi da nauyi, har makaɗan da suke iya zuba waƙoƙi da dama a filofi guda wanda bai wuce megabait 1.44 ba. Kuma tunda umarni ne, komai yana gyaruwa. Ana iya goge sauti ɗaya tak da ya kauce a bar sauran. Ana iya cewa abin da sarewa ta busa a mayar da shi goge. Ana iya rage gudun waƙar ba tare da ta koma kamar kaset ɗin da batir ya yi wa sanyi ba.

Duk wanda ya taɓa zama a situdiyo ya san amfanin wannan. An gama kiɗa da namiji, komai ya zauna, sai mawaƙiya ta zo washegari ta ce ki ɗin ya yi mata ƙasa, muryarta ba ta fita. Ko furodusa ya zo ya ce waƙar ta yi tsawo a cire baiti ɗaya, ko amarya ta aiko a ƙara sunan ƙanwar babanta da aka manta, in ba haka ba a yi rigima a gidan biki. Mai fiyanon kirki cikin 'yan mintoci zai ɗaga ki ɗin, ya yanke nan ya liƙa can. Wanda nasa ba ya yi kuwa sai ya kwana yana sake aikin da ba za a ƙara masa ko kwabo a kai ba.

Saboda haka abin da za a nema shi ne fiyano mai layin rikodin 16, wanda ake iya shiga kowane layi a gyara shi shi kaɗai. Manyan PSR suna da wannan, haka jerin Pa na kamfanin Korg. Ƙananan kuwa, irin jerin PSR-E, ko da sababbi ne fil a kwali, ba don wannan aikin aka yi su ba. PSR-E473 misali layi 6 yake ɗauka, kuma ba a gina sitayil a cikinsa, sai dai a loda wanda wani ya gina. Yana da kyau ga mai koyo, sautinsa ma ba laifi. Amma wanda ya saye shi da niyyar buɗe situdiyo zai gane kurensa ran da kwastoma na farko ya ce a gyara masa wuri ɗaya.

Akwai wani madanni da ya kamata mai saye ya gwada tun a shago, wanda aka rubuta wa Quantize. Aikinsa shi ne daidaita bugun da hannu ya yi gaba ko baya, ya jera shi daidai kan ma'auni. Abu ne mai amfani, amma yana da haɗari. Da yawa daga kiɗan gargajiyar Hausa tafiyar uku-uku yake yi, irin rangajin nan da ake ji a kiɗan kalangu da na ƙwarya. Idan aka daidaita shi da ma'aunin huɗu-huɗu na Turawa, sai ya sandare ya koma kamar faretin 'yan sanda. Fiyanon kirki yana ba da zaɓin ma'aunin uku-uku, yana kuma barin a zaɓi ƙarfin gyaran, kada a matse kiɗan gaba ɗaya. Waƙoƙi nawa ne aka ji su babu rai, ba don mawaƙin bai iya ba, sai don makaɗin ya danna wannan madannin ido rufe?

Sai maganar yawan sautin da injin yake iya fitarwa a lokaci guda. Wannan lamba ce da ake rubutawa a takardar fiyano, mutane ba sa kula da ita. PSR-730 da PSR-2100 sauti 64 suke ɗauka, PSR-3000 da ya fito a 2004 ya kai 128, Genos kuwa 256. Mai karatu zai ce ai yatsu goma ne da mutum, me za a yi da 128? Amsar ita ce layuka 16 ne suke kiɗa tare, kuma wasu muryoyin, musamman taron goge, haƙori ɗaya yana cin sauti biyu ko fiye. Idan aka ƙure lambar, injin ba zai yi gargaɗi ba, sai dai kawai ya riƙa yanke wasu sautukan a ɓoye. A nan ne za a ji sarewa ta ɗauke numfashi daidai lokacin da amshi ya shigo.

Ina kalangu, ina algaita?

A 1991 kamfanonin kayan kiɗa suka amince da wani jeri na sautuka 128 da kowane fiyano zai riƙa zuwa da su, wanda ake kira General MIDI. A ciki akwai sitar da shanai na Indiya, akwai koto da shamisen na Japan, akwai banjo, akwai kalimba. Babu kalangu, babu kukuma, babu algaita, babu kakaki, babu kuntigin Ɗanmaraya. Abin da makaɗan farko suka yi shi ne dabara. Shanai ta tsaya a madadin algaita, gogen Turawa ya tsaya a madadin na gida, sarewar wasu ƙasashe ta zama ta Fulani, aka riƙa lanƙwasa sautin ganga da 'yar tayar nan ta gefen hagu don ya yi kama da kalangu. Wannan haɗin gambizar, tare da tasirin finafinan Indiya, shi ya haifi sautin da daga baya aka laƙaba wa suna nanaye. Masu sukar sa suna cewa duk waƙoƙin kamar uwa ɗaya ta haife su. Suna da 'yar gaskiya, domin injin iri ɗaya ne, muryoyin cikinsa iri ɗaya, kuma makaɗan a hannun juna suka koya.

Yanzu an samu sauƙi. Sababbin fiyano suna da wurin ajiya na musamman da ake loda ƙarin sautuka. A jerin SX na Yamaha da ya fara fitowa a 2019, SX900 yana da gigabait 1, SX700 megabait 400, shi kuwa ƙaramin cikinsu SX600 na 2020 megabait 100. Ana shirya sautukan a kwamfuta da wata manhaja mai suna Yamaha Expansion Manager, a zuba a filash a loda. Korg a nan ya ɗan sha gaba, domin a manyan Pa ana iya shigar da sauti a yanka shi a jera shi kan haƙora a cikin fiyanon kansa. Wato makaɗi zai iya gayyato mai kalangu na gaske, ya biya shi haƙƙinsa, ya ɗauki bugunsa ɗaya bayan ɗaya ya ajiye. Wanda ya yi haka kiɗansa zai fita daban a cikin dubu. Sai dai kada a yaudari kai: kalangu magana yake yi, da matsin hammata ake sa shi ya hau ya sauka yadda harshen Hausa yake hawa da sauka. Abin da aka ɗauka aka ajiye a inji bugu ne kawai, ba ya kirari.

Masu son ɗanɗanon Indiya su san cewa Yamaha yana da jerin PSR-I da aka yi musamman don kasuwar Indiya, da tabla da sauran kayansu a ciki. Masu bege da ƙasida irin ta Larabawa kuma akwai PSR-A3000 da A5000, da Korg Pa masu tambarin Oriental, waɗanda ke da madannan sauke sauti da rabin rabi, yadda karin Larabawa yake buƙata. Duk da haka, na Indiyan ƙanana ne, 'yan uwan jerin E ne, kada kwaɗayin tabla ya sa a manta da maganar gyara.

Yamaha ko Korg?

Wannan musu ne da ba ya ƙarewa a tsakanin makaɗa, kamar na magoya bayan ƙwallo. Korg yana da ƙarfin ganga, yana da zurfin gyaran sauti, kuma manyansa irin Pa1000 da Pa5X ba a raina su ko'ina a duniya. Amma ga yaron da zai fara sana'a a Arewa, Yamaha ya fi masa kwanciyar hankali, kuma dalilin ba na sauti ba ne. Tun daga PSR-220 industirin a kan Yamaha ta tashi. Ubangidan da zai koya masa shi ya sani, sitayil ɗin da abokai za su tura masa na Yamaha ne, kuma ba ya buɗuwa a Korg kai-tsaye. Mai gyara ma ya fi sabawa da cikinsa. Wanda ya sayi abin da shi kaɗai ke da shi a gari, ran da ya lalace shi kaɗai zai yi kukansa.

Ko a cikin Yamaha ɗin ma ba sai an kai ga Genos ba, wanda ya fito a 2017, aka yi masa na biyu a 2023. Wannan na masu hali ne. SX720 da SX920 na 2024 su ne sababbin matsakaita. Wanda aljihunsa bai kai nan ba, tsohon jerin S, irin S950 na 2012 ko S770 da S970 na 2015, in an samu mai lafiya, zai yi duk aikin da situdiyon unguwa yake buƙata, kuma ya fi sabon ƙaramin fiyano nesa ba kusa ba.

Wani zai ce ai yanzu zamanin kwamfuta ne, da FL Studio ko Cubase yaro zai haɗa kiɗa ko fiyano bai taɓa gani ba. Haka ne, kuma mawaƙan hip-hop na Hausa da yawa haka suke yi. Wanda ya riga ya mallaki kwamfuta mai ƙarfi, kuma a ɗaki kawai zai yi aiki, ƙaramin allon haƙora na jonawa da kwamfuta ya ishe shi, ya adana sauran kuɗin ya sayi makirfo mai kyau. Inda fiyano ya fi shi ne sauri da kuma fita waje. Mawaƙi yana rerawa makaɗi yana bin sa nan take, kafin a sha ruwa an ji kamannin waƙar. Kuma ran da aka samu aikin dina ko gangamin siyasa, fiyano ake ɗauka a tafi. A yawancin situdiyo ma haɗa su ake yi: a gina kiɗa a fiyano, a kwashe shi layi-layi zuwa kwamfuta, a can a ɗora murya a tace.

In za a sayi na hannu

Mafi yawan masu farawa na hannu suke saye, ko a Sabon Gari a Kano, ko a aika Alaba a Legas, ko a hannun wani makaɗin da zai canza. A nan ake kuka. Kada a tafi shi kaɗai, a tafi da wanda ya iya, kuma kada a yarda da waƙar gwaji da mai shago zai kunna, domin wannan ko fiyanon da rabin haƙoransa suka mutu zai rera ta lafiya lau. A bi haƙoran nan 61 ɗaya bayan ɗaya, a danna a hankali sannan a danna da ƙarfi. Wanda ya yi ƙara iri ɗaya ko yaya aka taɓa shi, robar ƙarƙashinsa ta ci ƙura ko ta mutu. A danna kowane madanni, musamman na kunna sitayil da na A zuwa D, su suka fi shan wahala. A duba allon ko ya dushe ko yana da zane. A jona shi da lasifikar waje ta kafofin baya, hagu da dama, a saurara ko akwai ƙugi. Sannan a yi ɗan rikodin, a ajiye a filash, a kashe fiyanon a kunna, a ga ko zai dawo da shi.

Tsofaffi irin PSR-2000 da 2100 da filofi suke aiki, shi kuwa filofi yanzu neman sa wahala ne. Akwai 'yar na'urar da masu gyara suke sakawa a gurbinsa ta riƙa karɓar filash, amma a saka kuɗinta a lissafi tun kafin a yi ciniki. Kuma ba kowane sitayil na sababbin fiyano ne tsofaffin suke karantawa ba.

Sai adafta. Wutar Nijeriya da Nijar tana tsakanin bolt 220 da 230 ne, ta Japan 100, ta Amurka 120. Fiyanon gwanjo yakan zo da adaftar ƙasar da aka ɗauko shi, wata tana karɓar kowace wuta, wata kuwa da an soka ta a bango sai hayaƙi. A karanta abin da aka rubuta a jikinta. Idan babu ta asali, a nemo mai lambar da kamfanin ya rubuta a ƙarƙashin fiyanon, kada a karɓi duk wadda bakinta ya shiga. A haɗa da sitabilaiza, in da hali har da 'yar na'urar riƙe wuta ta UPS, domin waƙar da ake ginawa a layi 16 tana zaune ne a ƙwaƙwalwar wucin gadi har sai an danna ajiya, kuma in aka ɗauke wuta ko janareto ya shaƙe kafin nan, aikin yinin ya tafi. Lokacin hunturu kuma a samo ƙyalle mai kauri a riƙa rufe shi da zarar an tashi.